Laima da Hannun da ke Riƙe da Ita

Laima, wadda wasu ke kira lema, tana cikin kalmomin da Bahaushe ya daɗe yana ɗora wa nauyin da ya fi jikinsu, domin abin da ake nufi da ita tun asali bai wuce ƙyallen da aka ɗame a kan tsinkaye, aka kafa bisa sanda, don kare kai daga zafin rana ko saukar ruwa ba. Masana harshe suna danganta tushenta da kalmar Larabci mai nufin tanti, shi ya sa har yau rumfar zane da matafiya da mayaƙa ke kafawa take amsa wannan suna. Amma a fada ne kalmar ta sami martaba, inda laima ta zama ɗaya daga cikin kayan sarauta. Ranar hawan salla, tun kafin idon mai kallo ya kai ga fuskar sarki, laimar ce ke fara bayyana a saman taron dawakai, mai riƙe da ita yana tafe a ƙasa kusa da dokin, yana juya ta, yana ɗaga ta yana saukarwa, gezarta tana kaɗawa, shi kuwa rana tana dukansa, gumi yana jiƙa masa riga, domin inuwar da yake ɗauke da ita ta wani ce.

Daga fada kalmar ta gangaro cikin zancen yau da kullum, ita da 'yar rakiyarta, wato inuwa. Ana cewa ƙungiyoyi sun haɗu ƙarƙashin laima ɗaya, ana cewa ɗan takara ya tsaya ƙarƙashin inuwar jam'iyya kaza, ana kuma cewa wane da wane ba sa shan inuwa ɗaya idan gaba ta yi tsanani tsakaninsu. Maraya yakan ce ya rasa inuwa, bara yakan roƙi Allah ya bar masa inuwar ubangidansa. A duk waɗannan maganganu akwai mutum biyu, mai bayarwa da mai sha, akwai kuma wata magana da ba a furtawa, wato cewa mai bayarwa yana iya janyewa.

Wannan maganar da ba a furtawa ita ce ta hana manyan ƙasashen duniya barci a zamanin yaƙin cacar baka, wato shekarun zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet daga bayan yaƙin duniya na biyu har zuwa 1991. A lokacin ne masana harkar tsaro suka riƙa maganar laimar nukiliya, suna nufin alkawarin da ƙasa mai makamin ƙare-dangi ke yi wa ƙawarta marar shi, cewa duk wanda ya far mata zai gamu da martani daga wannan makami. Ranar 4 ga Afrilu, 1949, ƙasashe 12 suka sa hannu a Washinton kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda sashe na 5 nata ya ɗauki hari kan ɗaya a matsayin hari kan duka. A ranar Amurka kaɗai ke da bam ɗin nukiliya a duniya, amma ba a yi wata biyar ba, ranar 29 ga Agusta, Sobiyet ta gwada nata a Semipalatinsk cikin Kazakistan, aka wayi gari alkawarin ya sami farashin da ba a san da shi ba sa'ad da ake sa hannu.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne wannan laima ba ta tare komai. Laimar damina tana karɓar ruwa a bayanta, mai ita ya isa gida a bushe, amma ta nukiliya ba ta iya tsayar da makami mai linzami ko ɗaya idan an riga an harbo shi. Duk ƙarfinta yana cikin abin da masana suka kira dabarar hani ta tsoratarwa, wato a cusa wa abokin gaba tabbacin cewa abin da zai biyo bayan harinsa ya fi duk ribar da yake hange, har ya fasa tun bai fara ba. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma a kan wannan zafi aka gina zaman lafiyar Turai na shekara arba'in. Ke nan inuwar tana cikin zuciyar maƙiyi, tana nan muddin ya gaskata, tana gushewa ranar da ya yi shakka, kuma babu hanyar gwada ingancinta sai ta aukuwar bala'in da aka yi ta domin hana shi.

Abu na biyu ya shafi hannu. A fada, wanda ke ƙarƙashin laima shi ne mai iko, mai riƙe da ita kuwa hadimi ne da ba ya karkata ta sai inda ubangidansa ya nufa. A cikin ƙawancen Yamma al'amarin ya juye, mai riƙon shi ne mai ƙarfi, shi ne zai yanke shawarar buɗewa ko naɗewa, a daren da ba lalle a sami lokacin tuntuɓar kowa ba. Kowane ɓangare ya ji ciwon matsayinsa. Turawa sun ga rayuwarsu tana rataye da zuciyar shugaban da ba su zaɓa ba, wasu Amurkawa kuma sun ga su ne ke cikin rana suna ɗaukar nauyi, ƙasarsu ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Wannan ƙorafi ne ya sa Sanata Mike Mansfield ya nemi majalisar dattawa a 1971 ta rage rabin sojojin Amurka da ke Turai, kuma ko da yake buƙatar ba ta yi nasara ba, an ji amonta a kowace fadar gwamnati daga Bon zuwa Ankara.

Birtaniya ce ta fara ɗanɗana abin da ke cikin dogaro da hannun wani. Masananta sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da na Amurka wajen ƙera bam na farko, bisa yarjejeniyar da Churchill da Roosevelt suka ƙulla a Kwibek a 1943, amma a 1946 majalisar Amurka ta kafa dokar McMahon wadda ta rufe ƙofar ilimin nukiliya ga kowa, har da abokiyar da aka yi wahalar tare da ita. A watan Janairun 1947 wani ƙaramin kwamiti na gwamnatin Clement Attlee ya yanke a asirce cewa Birtaniya za ta ƙera nata, duk da cewa ana rabon abinci da kati a ƙasar, kuma ranar 3 ga Oktoba, 1952, ta gwada shi a tsibiran Montebello kusa da gaɓar Ostireliya. Haɗin kai ya dawo a 1958, sai dai ya dawo da sabon dogaro, domin da Amurka ta soke shirin makamin Skybolt a 1962, wanda Landan ta ɗora duk burinta a kai, sai da firaministan Birtaniya Harold Macmillan ya tafi Nasso a watan Disamba ya shawo kan shugaban Amurka Kennedy ya sayar masa da makaman Polaris da ake harbawa daga jiragen ƙarƙashin teku.

Faransa ta karanta wannan labari ta fitar da wani darasi dabam. A rikicin mashigin Suwez na 1956 ta ga yadda Amurka ta matsa mata lamba, ita da Birtaniya, har suka janye, alhali Masko tana yi musu barazana da makamai masu linzami. Ranar 4 ga Oktoba, 1957, Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, kowa kuma ya fahimci cewa rokar da ta kai ƙarfe sararin samaniya tana iya kai bam biranen Amurka. Daga nan tambayar da aka fi dangantawa da shugaban Faransa Charles de Gaulle ta samo asali, wato ko akwai shugaban Amurka da zai sadaukar da New York domin ceton Faris. Janar Pierre Gallois ya ba tambayar amsa ta ilimi, cewa ƙaramar ƙasa ba ta buƙatar makamai daidai da na babba, ya ishe ta ta iya yi wa babbar ɓarnar da ta fi ƙimar abin da za a samu in an cinye ta. Wannan shi ne abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A watan Janairun 1963 de Gaulle ya ƙi tayin Polaris da aka yi masa, a 1966 kuma ya fitar da ƙasarsa daga rundunar haɗin gwiwar NATO, har hedikwatar ƙungiyar ta kwashe kayanta zuwa Beljiyam.

Sai dai gatarin Faransa ba a cikin Faransa aka wasa shi ba. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, aka tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a Saharar Aljeriya, mai ƙarfin da ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu, aka bi shi da wasu uku a sarari, sannan da 13 a ƙarƙashin duwatsun In Ekker har zuwa 1966. Mazauna zangon hamada da makiyayan da ke ratsa ta ba sa ƙarƙashin laimar kowa, kuma mutanen da ke kudu da Sahara sun san daga ina hunturu ke ɗauko ƙurar da take shiga musu ido da maƙogwaro kowace shekara. Gana a ƙarƙashin Kwame Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarta, Nijeriya kuwa, wata uku kacal bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairun 1961 saboda gwaji na uku, ta sallami jakadanta, ta hana jiragenta sauka. Shekara goma bayan haka aka fara haƙar yuraniyom a Arlit da ke arewacin Nijar, wanda ya zama ɗaya daga ginshiƙan masana'antar nukiliyar Faransa. Duk lissafin da ya tsaya ga masu shan inuwa kaɗai, ya manta da waɗanda ƙura ta sauka a kansu, lissafi ne da bai cika ba.

Akwai wata laima kuma a Hausa, mai rubutu iri ɗaya da ta farko, wato danshin da ke shiga bango da daɓe a hankali, ba a ganin shigarsa sai gini ya fara ruɓewa daga tushe. Shakka a cikin ƙawance haka take aiki, kuma babu inda ta fi kama ƙasa kamar Jamus ta Yamma. A 1954 shugaban gwamnatinta Konrad Adenauer ya yi alkawarin cewa ƙasarsa ba za ta ƙera makaman nukiliya a cikinta ba, sharaɗin da ya buɗe mata ƙofar NATO a 1955. A wannan shekarar ƙungiyar ta yi wani atisayen jiragen sama mai suna Carte Blanche, inda aka ƙaddara jefa bama-bamai 335, akasarinsu a ƙasar Jamus, lissafi kuma ya nuna Jamusawa miliyan 1.7 za su mutu, miliyan 3.5 su jikkata. Daga nan Bajamushe ya kasance tsakanin tsoro biyu masu cin karo da juna, tsoron kada Amurka ta ƙi cika alkawari ta bar shi a hannun tankokin Sobiyet, da tsoron kada ta cika shi a kan gonarsa da gidansa. A watan Afrilun 1957 masana kimiyya 18, cikinsu har da Otto Hahn da Werner Heisenberg, suka fitar da sanarwar Göttingen suna ƙin a bai wa sojan ƙasarsu irin wannan makami, yayin da ministan tsaro Franz Josef Strauss ke neman hanyar kusantarsa.

Yawancin dabarun da aka ƙirƙiro a shekarun da suka biyo baya ƙoƙari ne na barin ƙawaye su taɓa sandar laimar ba tare da sun karɓe ta ba. A sansanonin makaman Thor guda 60 da aka girke a Ingila daga 1959 zuwa 1963, hafsoshi biyu ke zaune a ɗakin harbi, kowa da makullinsa, na Birtaniya shi ke fara ƙirgen tashin makamin, na Amurka shi ke kunna bam ɗin da ke kansa, kuma idan ɗaya ya ƙi murɗa nasa aikin ya tsaya. A wasu wuraren tsarin bai kai haka tsauri ba. Wata tawagar majalisar Amurka da ta zagaya Turai a 1960 ta tarar da jirgin yaƙi mai tambarin Jamus a bakin titin tashi, bam ɗin Amurka a maƙale a cikinsa, matuƙinsa Bajamushe a shirye, duk abin da ke wakiltar ikon Washinton kuwa wani matashin soja ne guda da bindiga a kafaɗa. Bayan haka ne Kennedy ya ba da umarni a 1962 a sanya wa makaman da ke Turai kwaɗo mai lambobin sirri. An kuma kawo shawarar rundunar jiragen ruwa 25, kowanne ɗauke da Polaris takwas, ma'aikatansa gauraye daga ƙasashe dabam-dabam, amma da yake kalmar ƙarshe ta ci gaba da zama a bakin shugaban Amurka, shirin ya mutu a tsakiyar shekarun 1960. Abin da ya rayu shi ne majalisar tsara manufofin nukiliya da aka kafa a ƙarshen 1966, inda ministocin ƙawaye ke jin abin da ake shiryawa, su kuma faɗi nasu.

Denis Healey, wanda ya riƙe ma'aikatar tsaron Birtaniya daga 1964 zuwa 1970, ya auna matsalar da ma'auni mai kyau, inda ya nuna cewa kashi 5 cikin 100 na yiwuwar martanin Amurka ya isa ya tsorata Rashawa, amma sai an kai kashi 95 kafin hankalin Turawa ya kwanta. Maƙiyi yana jin tsoron ko da ƙyallin yiwuwa, aboki kuwa tabbas yake nema, kuma tarihi bai daina ba shi dalilin zullumi ba. A rikicin Kyuba na Oktoban 1962, sulhun da ya ceci duniya ya haɗa da fahimtar sirri cewa za a kwashe makaman Jupiter 15 da ke Turkiyya, aka kuma kwashe su a 1963 ba tare da Ankara ta zauna a teburin cinikin ba. A gabashin Asiya, da shugaban Amurka Nixon ya janye sojoji kimanin 20,000 daga Koriya ta Kudu a 1971, shugaban ƙasar Park Chung-hee ya fara shirin bam a ɓoye, sai da Washinton ta haɗa lallashi da barazana kafin ya soke, a 1976, cinikin masana'antar tace makamashin nukiliya da ya ƙulla da Faransa. Ko a ɗaya sansanin ciwon iri ɗaya ne, domin Masko ta yi wa Sin alkawarin taimakon nukiliya a 1957, shugaban Sobiyet Khrushchev ya janye shi a watan Yunin 1959, Sin kuma ta gwada nata a Lop Nur ranar 16 ga Oktoba, 1964.

Tsoron nan biyu na Bajamushe ya sake fitowa fili a ƙarshen shekarun 1970. Shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Schmidt ne ya yi jawabi a Landan a watan Oktoban 1977 yana jan hankali ga rashin daidaiton makamai a Turai, a daidai lokacin da Sobiyet ke girke makaman SS-20 masu iya kaiwa kowane birni na Turai ba tare da sun taɓa Amurka ba. Ranar 12 ga Disamba, 1979, NATO ta yanke shawara mai fuska biyu, a girke Pershing II guda 108 da makaman kuruz 464, a kuma nemi sulhu a lokaci guda. Gwamnatoci sun roƙi a matso musu da laimar, jama'arsu kuwa suka cika tituna suna neman a ɗauke ta, mutum kimanin 300,000 a Bon a watan Oktoban 1981, da matan da suka kafa zango na shekaru a ƙofar sansanin Greenham Common a Ingila. Ba a warware ƙullin ba sai da Reagan da Gorbachev suka sa hannu a watan Disamban 1987 kan yarjejeniyar da ta kawar da wannan rukuni na makamai daga ɓangarorin biyu.

A watan Maris na 1963 Kennedy ya bayyana fargabar cewa a shekarun 1970 ƙasashe 15 zuwa 25 za su iya mallakar bam. Hakan bai faru ba, kuma adalci ne a ce laimar tana da hannu a ciki, domin Jamus ta Yamma da Italiya da Japan duk suna da ilimi da dukiyar ƙerawa, suka haƙura saboda an ba su wata madogara. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, wadda aka buɗe don sa hannu ranar 1 ga Yuli, 1968, ta fara aiki a 1970, ta ɗaure wannan haƙuri a rubuce. Bon ta sa hannu a 1969 a zamanin Willy Brandt amma ba ta tabbatar ba sai 1975, Japan kuma sai 1976, jinkirin da ke nuna yadda haɗiyar ta yi wuya. Nijeriya tana cikin ƙasashe takwas 'yan ba-ruwanmu da suka zauna a kwamitin Janiba inda aka tattauna daftarin, kuma irin waɗannan ƙasashe ne suka dage sai an sa wa masu makamin nasu nauyin. Sashe na 6 ya wajabta tattaunawa da zuciya ɗaya domin kawo ƙarshen tseren makamai da kwance ɗamarar nukiliya. Ƙasashen da ba su da bam sun cika nasu ɓangaren da rinjaye mai yawa, sun amince a 1995 yarjejeniyar ta ci gaba ba iyaka, Afirka ta Kudu ta wargaza bama-bamai shida da ta ƙera, nahiyar Afirka kuma ta haramta wa kanta makamin da yarjejeniyar Pelindaba ta 1996. Ƙasashe biyar da aka yarda su riƙe makamin na ɗan lokaci har yau suna riƙe da shi, kuma alkawarin sashe na 6 bashi ne a kansu wanda duk ƙasar da ta haƙura take da haƙƙin tambayar ranar biyansa.